Wai Bature Ba Ya Zaftare Fansho? Malam, Gyara Zama

Na san ba za ku yarda ba, don haka gara mu yi ta a fili. Ranar da na fara kawo wannan zance a majalisarmu, bayan sallar La'asar, saura ƙiris a janye bencin da nake zaune a kai. Abin da na faɗa kuwa bai taka kara ya karya ba. Cewa na yi a Ingila akwai tsofaffin ma'aikata waɗanda watan da suka isa karɓar fanshon gwamnati, a watan ne fanshon da wurin aikinsu ke biyansu yake raguwa, wani da 'yan fam kaɗan, wani da abin da zai ɗumama masa gida hunturu guda.

Akwai wani tsohon hedimasta a cikinmu, Bazazzagi, wanda ya fi kowa sanin layin tantance 'yan fansho, don har bishiyar da ta fi inuwa a harabar ofishin ya sani. Shi ya fara cire tabarau. "Kai Bakano," in ji shi, "ku dai in ba ku sayar da atamfa ba sai kun sayar da labari. Bature ne zai zaftare kuɗin tsoho? Baturen da ya koya mana rubuta bauca?" Mai shayi ya ce ai shi ya ji a can ko kare yana da likita. Wani saurayi da ya shekara biyu yana tara kuɗin biza ya dube ni kamar na kashe masa kasuwa. Har Hajiya maƙwabciyarmu, da 'yarta ke aikin jinya a Mancesta, ta aiko yaro washegari a ce mini in bar yi wa 'yarta mugun baki.

Ban ji haushi ba. Mutumin da aka saba yi wa zaftara da tsakar rana yana so ya yarda akwai wata ƙasa a duniya da ba a yi. Kuma ku ma kuna da taku gaskiyar: a can ba a sa tsoho ya yini a rana don ya nuna bai mutu ba, kuɗi na shiga asusu ranar da aka ce za su shiga. Sai dai, ranka ya daɗe, ni ban ce ba sa shiga ba. Nawa ne ke shiga, a nan gizo ke saƙa.

Tsohon ma'aikaci a Ingila daga tukunya biyu yake ci. Ta farko ta gwamnati ce, wadda kowa ke zuba mata ta hanyar kuɗin inshorar ƙasa da ake cira daga albashi, ko direban bas ne kai ko likita. A sabon tsarin da ya fara aiki ranar 6 ga Afrilu 2016, sai ka yi shekara 35 kana zubi kafin ka samu cikakken rabo, wanda bai kai shekara 10 ba kuwa ba shi da komai. Cikakken rabon nan a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 fam 230 ne da kwabo 25 a mako. Ba a buɗe maka tukunyar sai ka cika aƙalla 66, mace ko namiji, kuma doka ta tsara a ɗaga zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028. Abin ya yi tafiya mai nisa. Da aka fara biya a Janairun 1909, sule biyar ne a mako, ga talakan da ya kai 70. Malam Hedimasta, kai ka san sule, ba sai na yi maka bayani ba, yaran nan ne za su zaci sunan mutum ne. A 1948, bayan rahoton da William Beveridge ya fitar a 1942, aka shimfiɗa tsarin da ya haɗa kowa da kowa, ana ba mutum ɗaya sule 26.

Tukunya ta biyu ta wurin aiki ce. A tsofaffin tsare-tsare, irin na bankuna da manyan kamfanoni da ma'aikatun gwamnati, ana duba albashinka na ƙarshe da shekarun da ka yi, a yanka maka abin da za ka riƙa karɓa har ranar da ta Allah za ta kasance. Da yawansu tun mutum yana 60 suke fara biya. Ka ga ke nan akwai 'yan shekaru da tsoho ke ci daga tukunya ɗaya yana hangen ɗayar. Yana zaune yana lissafi: ga abin da kamfani ke ba ni, ga abin da gwamnati za ta ƙara, in an haɗa sai in gyara rufin gida, in kai jikoki bakin teku. Lissafin dokin Rano. Ranar da ta gwamnatin ta buɗe, sai ya leƙa ta wurin aikin ya tarar wani ya riga shi sa ludayi.

Mai ludayin da ya fi yawan zuwa ba kamfani ba ne ma, mai karɓar haraji ne. Fanshon gwamnati a Ingila abin biya wa haraji ne, amma ba a cire harajin daga jikinsa, cif ake turo maka shi duk bayan mako huɗu. To ina za a cira? Hukumar haraji, HMRC, sai ta sauya lambar harajinka ta aika wa masu biyanka fanshon aiki, su cire na duka biyun daga nasu. Bari in buga maka lissafin, Malam Hedimasta, tunda ka ce ka koyar da shi shekara talatin. Fam 12,570 na farko da mutum ya samu a shekara ba a taɓa masa, kuma tun 2021 ba a ɗaga wannan adadi ba. Mu ɗauka wata baiwar Allah tana karɓar fam 10,000 a shekara daga wurin aikinta. Ba ta kai layin ba, ba ta biyan ko kwabo. Sai ta cika 66, fanshon gwamnati ya zo, fam 230 da kwabo 25 sau 52, wato fam 11,973. Haɗa su, fam 21,973. Cire 12,570, saura 9,403. Kashi 20 cikin 100 na wannan ya ɗan haura fam 1,880, kuma duka daga fanshon aiki za a yanke shi, kimanin fam 157 kowane wata. Ita dai abin da ta gani, takardar da ta saba zuwa da fam 833 yau ta zo da 676. Sai ta ɗaga waya ta wanke yaron ofishin fansho tas, alhali shi ɗan aike ne.

Na ga kun fara murmushi. Mai shayi ya ce ai wannan haraji ne, ba zaftara ba, kuma in aka haɗa duka ta fi da samu. Na yarda, na ba ku wannan. Ku riƙe ta da kyau, don ita kaɗai za ku ci a yau.

Akwai kuma abin da suke kira fanshon gada. Mutum ya ajiye aiki yana 60, fanshon gwamnati sai nan da shekara shida, sai masu tsarin su ce za mu ƙara maka wani abu ka haye da shi, ranar da ka isa gaɓa mu janye gadarmu. Wani wurin kyauta ce daga tsarin. Wani wurin kuwa musaya ce kai ka zaɓa da hannunka: a ba ka da yawa yanzu, a rage maka daga baya, kuma ragin har ƙarshen rai ne. Wanda ya yi tsawon kwana sai ya biya fiye da abin da ya ci. Takardar da aka sa wa hannu shekara shida da suka wuce, ana tsakiyar walimar ban kwana da kek da kati, wa yake tunawa da ita? Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen mata. Har zuwa 2010 mace a 60 take fara karɓar fanshon gwamnati. Dokokin 1995 da 2011 suka ja shi zuwa 65 a Nuwamban 2018, sannan 66 a Oktoban 2020. To wasu tsare-tsaren a cikin ƙa'idarsu lamba aka rubuta, 60 ko 65, ba a rubuta "ranar da gwamnati ta fara biya" ba. Aka matsar da gaɓar kogi, gada tana nan yadda aka gina ta. Mutum ya zo ƙarshen katako ya tarar da sauran ruwa a gabansa.

Hedimasta ya ce to wannan ma ai rashin karatu ne, wanda ya sa hannu shi ya jawo. Madalla. Yanzu ga wadda na ajiye maka, Malam, kuma ka mayar da tabaranka don akwai lambobi.

Tun da aka kafa fanshon kowa da kowa a 1948, kamfanoni da yawa suka yi wani tunani. Suka ce mu muna zuba wa ma'aikacin nan kuɗin inshorar ƙasa, kuma muna tara masa fansho a gida, kada mu biya abu ɗaya sau biyu. Sai suka ɗinke tsarinsu da na gwamnati: ranar da gwamnati ta fara ba ka nata, mu kuma mu rage namu da wani kaso. A takarda sunan abin mai daɗin ji ne, haɗewa. Waɗanda abin ya faɗa wa kuwa suna kiransa clawback, wato a miƙo maka abu sannan a sa farce a yago wani yanki. Mu da muke da kalmar zaftara ba mu da buƙatar aron tasu.

Taƙaddamar da ta fi yin ƙara a wannan fage ita ce ta tsofaffin ma'aikatan bankin Midland. Tsohon banki ne, a Birmingham aka kafa shi a 1836, HSBC ya saye shi a 1992, a 1999 aka sauke sunan daga allunan rassa. Waɗanda suka shiga tsarin fanshonsa daga farkon 1975 zuwa tsakiyar 1996, mutum kimanin 52,000, akwai wannan sharaɗi a ƙa'idarsu. Yadda ake lissafin: a ɗauki kashi ɗaya cikin 80 na ainihin fanshon gwamnati, a ninka da shekarun da ka yi aiki, abin da ya fito shi za a riƙa cirewa kowace shekara daga lokacin da ka isa shekarun fanshon gwamnati. Ga wanda ya daɗe a aiki abin yakan kai wajen fam 2,500 a shekara.

Ka lura da abin da babu a cikin lissafin nan? Albashi. Ba a tambayi nawa kake ɗauka ba. Bari mu ƙaddara mutum biyu, da lambobi masu sauƙi don kada mai shayi ya ƙona madara. Mace ce mai ƙirga kuɗi a kanta, ta shekara 32 tana murmushi ga masu fushi, fanshonta fam 8,000. Ga manaja, shi ma shekara 32, fanshonsa fam 80,000. Mu ce ainihin fanshon gwamnati da za a yi lissafi da shi fam 5,000 ne a shekara. Kashi 32 cikin 80 na 5,000 fam 2,000 ne. Ita a cire mata 2,000, shi ma a cire masa 2,000. Ita rubu'in abincinta ya tafi. Shi kuwa kashi biyu da rabi cikin ɗari, kuɗin da ba zai lura ba sai akawunsa ya nuna masa. Kamar a ce za a yi karo-karon gyaran masallaci, a yanka wa mai tireda da mai tireloli kuɗi ɗaya, sannan a tashi a ce an yi adalci tunda ba a bambanta kowa ba. Kuma su wa suka fi yawa a kanta da ɗakin buga takardu a bankunan Ingila na shekarun 1970 da 1980? Mata. Shi ya sa tsofaffin ma'aikatan da ke fafutukar a soke shi suka ce abin ya fi faɗa wa mata da masu ƙaramin albashi, kuma ni ban ga ta inda za a musa wannan lissafi ba.

Sannan ga sunan da aka raɗa wa abin a takardun bankin, State Deduction, wanda mai karatu zai fahimta da cirewar gwamnati. Tsofaffin ma'aikatan da yawa sun ce su sun zaci wani abu ne tsakaninsu da hukuma, irin su haraji, ba su san bankin ne ke rage nasa ba. Gwamnati ba ta karɓar ko kwabo daga wannan kuɗi, a asusun tsarin fanshon yake zama. Malam, kai da ka yi shekaru kana jan kunnen yara a kan su kira abu da sunansa, me za ka ba wanda ya raɗa wannan suna, in jarrabawa ce?

Don kada ku ce Bakano ya ɗauki ɓangare, ga abin da bankin ke faɗa, kuma ba shirme ba ne. Ya ce abin halal ne a dokar ƙasar, haka ne kuwa, babu dokar da ta hana. Ya ce an rubuta shi a littattafan bayanin da aka raba wa ma'aikata. Ya ce tsarin mai tsoka ne, shekaru da dama ba a cire wa ma'aikaci komai daga albashinsa don tara fanshon ba, kuma da wannan ragin aka auna abin da za a iya biya tun farko. Ya ce soke shi zai ci kimanin fam miliyan 450, kuma ba zai zama adalci ga sauran ma'aikatan da ke wasu tsare-tsaren ba. Tsofaffin ba su zauna ba. Suka kafa ƙungiya, ƙungiyar ƙwadago ta Unite ta mara musu baya, 'yan majalisa irin su Clive Betts na Sheffield suka ɗauki maganar. Suka yi wata dabara da ta burge ni: da yawansu suna da 'yan hannayen jari a bankin, sai suka haɗa sa hannu suka tilasta a kawo ƙudurin soke ragin gaban babban taron masu hannun jari a 2019. Aka kaɗa ƙuri'a, fiye da kashi 90 cikin 100 suka ce a'a. Suka sake kawowa a shekarun da suka biyo baya, aka sake kayar da su. Ba abin mamaki ba ne, a irin wannan taro ba kawuna ake ƙirgawa ba, hannun jari ake ƙirgawa, kuma manyan kamfanonin zuba jari ne ke riƙe da buhunan. Kura ce aka tambaya ko a rage mata nama.

A nan saurayin mai biza ya yi farat ya ce to ai ba sata ba ce, tunda a rubuce take. Ɗana, ban ce sata ba ce. Da sata ce da abin ya zo da sauƙi, a kira ɗan sanda, a je kotu, a dawo da kuɗi. Abin da ya sa tsofaffin nan suke ta zarya shekara da shekaru shi ne ba wanda ya karya doka. Ni a wurina abu yana iya zama daidai a takarda ya kasance da rashin tausayi a cikinsa, kuma wannan yana ciki. Yarinya 'yar shekara 17 da ta shiga banki a 1978, aka miƙa mata littafi mai ƙananan haruffa a makon da take koyon inda ake ajiye hatimi, a ce wai tun ranar ta amince a rage mata rubu'in abincin tsufanta? Ta amince a doka. A hankali kuwa ba ta san an yi ba. Wasu kamfanonin da ke da irin wannan sharaɗi sun duba sun soke shi ko sun sa masa iyaka, ba kuma su rushe ba.

Kada ma'aikatan gwamnatin can su yi dariya, su ma an taɓa su, sai dai da ɗan yatsa. Wanda ya yi aikin gwamnati kafin Afrilun 1980, irin su ɗan sanda da ma'aikacin ofis, akan cire masa fam 1 da kwabo 70 a shekara kan kowace shekarar aiki ta wancan lokacin, da zarar ya isa shekarun fanshon gwamnati. In ka ninka da 40 za ka samu fam 68, kusan daidai da sule 26 ɗin nan na 1948 in aka tara na shekara guda. Wato an daskarar da ragin a farashin zamanin Sarki Joji na shida. Ka ga Bature da riƙon lissafi: bashin sule yake bi a zamanin da yaran da ke karɓa ba su taɓa ganin sule ba. Akwai kuma wani sashe na fanshon waɗanda suka yi aiki tsakanin 1978 da 1997 a wuraren da suka fita daga wani ƙarin fanshon gwamnati da ake da shi a lokacin. Shi ba a rage shi, ƙarin shekara-shekara ne ke tsayawa ko ya taƙaita: na kafin 1988 tsarin ba dole ya ƙara masa komai ba, na bayan nan kuma ba ya wuce kashi 3 cikin 100. Da gwamnati ce ke cike giɓin, amma ga ma'aikatan kamfanoni da suka isa shekarun fansho daga Afrilun 2016 wannan cikon ya tafi da tsohon tsari. Ba a sa ludayi ba, wuta aka janye daga ƙarƙashin tukunya.

Yanzu Hajiya, ke da kika aiko yaro, ga naki saƙon, kuma ba mugun baki ba ne. 'Yarki da ire-irenta, likitoci da masu jinya da malaman jami'a 'yan ƙasarmu da ke can, kusan kowannensu in ka tambaye shi sai ya ce in ya gama zai dawo gida, ya gina gida mai zaure, ya riƙa cin fanshonsa da fam yana kashewa da naira. Niyya mai kyau. To fanshon gwamnatin Ingila ana ƙara shi kowane Afrilu, da wanda ya fi girma cikin uku: tashin farashi, tashin albashi, ko kashi 2.5 cikin 100. A 2023 ƙarin ya kai kashi 10.1, a 2024 kashi 8.5. Amma ba kowa ake ƙara wa ba. Wanda ya koma zama a ƙasashen Tarayyar Turai, ko Amurka, ko Filifin, ko Jamaika, ana ƙara masa, saboda akwai yarjejeniya. Wanda ya koma Najeriya ko Gana ba a ƙara masa ko kwabo. Adadin da ya fara karɓa, ko wanda yake karɓa ranar da ya tattara kayansa, a kansa zai tsaya ko zai shekara talatin. Kada ki ce don mu baƙaƙe ne, 'yan Kanada da Ostareliya ma haka ake yi musu, kuma su ne suka fi yawa a cikin kusan rabin miliyan ɗin da abin ya shafa. Abin dariyar, in ya je Ingila ziyara ya sanar da hukuma, za a biya shi cikakken kuɗin yau na makonnin da ya yi, ranar da jirginsa ya tashi a mayar da shi inda yake.

Hedimasta ya yi shiru, abin da ban taɓa gani Bazazzagi ya yi ba in akwai Bakano a wurin. Can sai ya ce, "To duk da haka, su dai ana biyansu." Ana biya, Malam, ban ƙwace maka wannan ba. In aka ce in zaɓa tsakanin a rage mini rubu'i a kan ƙa'ida da a riƙe mini duka ba ƙa'ida, na san layin da zan bi. Kuma wanda aka rage wa a can yana da ƙofofin da zai ƙwanƙwasa: ya rubuta wa amintattun tsarin su ba shi lissafin dalla-dalla, in bai gamsu ba ya shigar da ƙorafi ta hanyar da doka ta wajabta wa kowane tsari ya tanada, in an ƙi ya wuce ofishin mai sauraron koken 'yan fansho, duk ba da ko sisi ba. In kuskure ne, ko lambar haraji ce aka rubuta ba daidai ba, ana gyarawa a dawo masa da kuɗinsa. In kuwa a ƙa'idar tsarin abin yake, zai dawo gida da amsa cikin ladabi, a takarda mai kyau, da hannu wofi.

Saurayin nan dai bai fasa tafiya ba, ni ma ban ce ya fasa ba. Mai shayi kuma har yanzu yana nan a kan batun likitan kare, na bar shi da ita don gaskiya ce.

Ku da kuke da 'ya'ya da ƙanne a can, in kun yi waya a ƙarshen makon nan, bayan an gama gaisuwa da tambayar sanyi, ku ce su nemo littafin ƙa'idar fanshon wurin aikinsu, su kuma rubuta wa masu tsarin tambaya ɗaya: nawa za ku riƙa biyana a watan da ya biyo bayan na fara karɓar fanshon gwamnati, kuma a wace shekara ce daidai za ku rage, in za ku rage? Su ce a ba su amsar a rubuce, su adana ta inda suke adana fasfo. Kai kuma Malam Hedimasta, mun yi da kai in na kawo lambobi za ka sayi shayi. Mai kauri nake sha, da burodi.